Waiwaye: yadda aka miƙa wa iyaye aikin buɗe bakin yaro

A da, a ƙasashen Turai da Amurka, idan yaro ya yi nauyin baki, uwa ce za ta kai shi asibiti, ƙwararriya kan matsalar magana ta shiga ɗaki da shi, uwar kuma ta zauna a waje tana jira. A 1975 wata ƙwararriya a birnin Montreal na Kanada, Ayala Hanen Manolson, ta juya tsarin. Ta riƙa tara iyayen rukuni-rukuni tana koya musu, domin su ne ke tare da yaron daga wanka har kwanciya. Nan ne tushen cibiyar Hanen da ke Toronto yanzu.

Abin da ake koyarwar ba shi da wuya a ido. Uwa ta durƙusa daidai tsayin ɗanta, ta kalle shi, ta yi shiru ta jira. Idan ya nuna kofi ya ce "wa", sai ta ce "ruwa, kana son ruwa", ba tare da ta tilasta masa maimaitawa ba. Jiran nan shi ne mai wuyar, don bakin uwa yakan riga na ɗa.

Daga baya ne maganar kuɗi ta shigo. Wani bincike a Bristol ta Ingila a 2000, kan yara 159, ya nuna kimanin sa'o'i 6 kacal yaran da aka kai wurin ƙwararru suka samu a shekara guda, kuma bambancinsu da waɗanda aka bari ana sa musu ido bai taka kara ya karya ba. A 2003 nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin aikin ƙwararru da na iyayen da aka horar ba. Lissafin ya fito fili: ƙwararriya ɗaya, iyaye da yawa a zama guda.

Sai dai ba ko'ina aka dace ba. A Melbourne ta Ostireliya, a 2011, an ba iyayen yara 'yan wata 18 masu jinkirin magana darasi na mako 6, sakamakon bai nuna wata riba sosai ba. Da yawa daga irin waɗannan yara suna kamo tsaransu da kansu, don haka kuɗin da aka kashe a kansu bai sayo komai ba.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kiran tsarin mai araha. Araha ga asibiti, wannan gaskiya ne. Amma uwar da ta rufe sana'arta ta biya kuɗin mota zuwa darasi, ta dawo tana durƙuso gaban yaro alhali tukunya na kan wuta, ita ma ta biya, kuma lissafin da ya tsaya kan aljihun asibiti ba ya ganin nata kuɗin.