Ma'anar ekibalans, da dalilin da ya sa fassara kaɗai ba ta isar malamar rawa ta Ingila a Faransa

Ekibalans kalma ce ta Faransanci da ɗaliban Nijar suka sani sarai, musamman waɗanda suka yi karatu a Sakkwato ko Zariya suka koma gida neman aiki. Abin da take nufi shi ne hukumar wata ƙasa ta duba takardar shaidar karatu da aka samo a waje, ta yanke hukuncin cewa nauyinta ɗaya da wata takarda ta cikin gida. Jama'a da dama suna ɗaukar cewa da zarar an fassara takarda an buga hatimi, magana ta ƙare. Ba haka abin yake ba, kuma sana'ar koyar da rawa tsakanin Ingila da Faransa tana nuna wannan a fili.

A Ingila gwamnati ba ta ba da lasin koyar da rawa. Ƙungiyoyin masu sana'ar ne ke horar da malamai, su yi musu jarrabawa, su ba su shaida. Fitattu a ciki su ne Imperial Society of Teachers of Dancing da aka kafa a 1904, da Royal Academy of Dance da aka kafa a 1920, dukansu a Landan. A irin waɗannan ƙungiyoyi an daɗe ana hawa tsani mai mataki uku: Associate, sai Licentiate, sai Fellow. Takardu ne masu daraja, ana aiki da su a ƙasashe da yawa.

A Faransa kuwa doka ce ta shiga maganar. Bisa dokar ranar 10 ga Yulin 1989, duk mai son ya koyar da rawar bale, ko rawar zamani da suke kira kwantamporan, ko rawar jaz, a biya shi, sai ya mallaki takardar gwamnati mai suna Diplôme d'État de professeur de danse. Kafin ma a soma karatun sai an ci jarrabawar nuna gwaninta. Daga nan a karanci kiɗa, da tarihin rawa, da ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, sannan dabarun koyarwa. Wanda ya koyar ba tare da ita ba tara ce ke jiransa.

Wannan tsanani yana da dalili, kuma a ganina dalili ne mai kyau. Yawancin ɗaliban rawa yara ne ƙanana, ƙashinsu bai gama ƙwari ba. Malamin da ya sa yarinya tsayawa a kan ɗan yatsan ƙafa tun lokaci bai yi ba zai iya bar mata ciwon da za ta tsufa da shi. Shi ya sa ƙa'idar Faransa ta ce 'yan shekara 4 da 5 wasan motsa jiki kawai za a yi da su, 'yan 6 da 7 share fage, ainihin horo sai an cika 8. Har daɓen ɗakin an yi maganarsa: kada ya zama mai santsi, kada a shimfiɗa shi kai tsaye a kan kankare.

To, a ce wata malama ta taso daga Landan da takardar Licentiate a jaka, ta sauka a birnin Liyon na Faransa. Matakin farko shi ne ta nemi mai fassara da ya yi rantsuwa, wanda sunansa ke cikin jerin da kotun ɗaukaka ƙara take ajiyewa. Zai juya takardar zuwa Faransanci, ya rubuta cewa fassarar ta yi daidai da ta asali, ya sa lamba da kwanan wata, ya sa hannu, ya danna hatimi. A nan ne tarkon yake. Licentiate ta yi kama da Licence, amma a Faransa Licence digiri ne na jami'a na shekara uku. Kama da wane ba wane ba ne. In ya rubuta Licence, ya ba ta digirin da wata jami'a ba ta ba ta ba. In ya mai da Associate zuwa associé, Bafaranshe zai ɗauka abokin hannun jari ake nufi. Mafi muni shi ne ya ga kalmar difloma ya rubuta Diplôme d'État, don wannan suna ne da doka ta tsare.

Mai fassarar da ya san aikinsa yana barin sunan takardar yadda yake da Turanci, sai ya bi shi da gajeren bayani da Faransanci: wace ƙungiya ta bayar, a wane fannin rawa, mataki na nawa ne a tsarinta. Wasu masu takardu ba sa jin daɗin haka, gani suke an rage musu kwarjini. Alhali kare su aka yi, domin jami'in da ya gano an kumbura suna ɗaya zai soma shakkar sauran takardun gaba ɗaya.

Bayan fassara akwai wata takarda da ita ma ake ruɗewa a kanta. Cibiyar ENIC-NARIC ta Faransa, da ke garin Sebir kusa da Paris, tana ba da shaidar kwatanci, wato bayanin matakin da karatun waje ya yi daidai da shi a tsarin ƙasar. Tana amfani wajen neman makaranta ko aiki, sai dai ba izinin shiga sana'ar da doka ta killace ba ce.

Izinin yana hannun Ma'aikatar Al'adu. Ita ce ke iya cewa difloma ta waje ta yi daidai da ta gida, wanda shi ne ekibalans na ainihi. Tana kuma iya ɗauke wa mutum buƙatar takardar in ya yi suna a fagen rawa ko ya daɗe yana koyarwa da hujja. Abin da take dubawa ba sunan da ke saman takarda ba ne, abin da aka karanta ne: awa nawa, waɗanne darussa, an koyi sassan jiki ko ba a koya ba. Don haka malamar nan gara ta haɗa da manhajar karatunta da wasiƙun makarantun da ta yi wa aiki a cikin abin da za a fassara. Tun farkon 2021 kuma, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, sassaucin da ƙasashen ƙungiyar ke yi wa takardun juna bai shafi sababbin masu nema da takardun Ingila ba.

Dokar 1989 fannoni uku kaɗai ta ambata. Mai koyar da tango ko hip-hop ko raye-rayen Afirka bai shiga cikinta ba, fassara mai kyau ta ishe shi nuna wa makaranta. A watan Maris na 2024 majalisar wakilan Faransa ta amince, a karatun farko, da ƙudurin faɗaɗa takardar gwamnati zuwa wasu raye-rayen, kuma masu hip-hop da dama sun fito sun yi adawa da shi, suna cewa rawar da aka koya a titi bai kamata a ɗaure ta da jarrabawar hukuma ba.