Ƙarar Taron Dangi: Yadda Masu Motoci Miliyan 4.7 Suka Maka Kamfanin Inshora a Kotu

A Amurka akwai wata irin ƙara da mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan ke shigarwa a madadin dubban mutane, ko ma miliyoyi, waɗanda ba su san juna ba, amma cuta iri ɗaya ta same su daga hannu ɗaya. Kamfanonin inshorar mota na cikin waɗanda suka fi shan irin wannan ƙara, kuma dalilin a fili yake. Idan kamfani ya rage wa mai mota dala ɗari a kuɗin gyara, ba wanda zai ɗauki lauya a kan haka, don kuɗin lauyan ya ninka asarar. Amma idan mutum miliyan aka yi wa, to magana ta zama babba.

A kotunan tarayya, Ƙa'ida ta 23 ta dokokin shari'ar farar hula ce ke tsara lamarin. Kafin alƙali ya amince a yi shari'a a dunƙule, sai ya gamsu cewa mutanen sun yi yawan da ba za a iya kawo su ɗaya bayan ɗaya ba, cewa matsalarsu ɗaya ce, cewa ƙorafin wakilan irin na sauran ne, kuma wakilan da lauyoyinsu za su riƙe amana. Jihohi ma suna da makamantan ƙa'idojin. A kan sharaɗi na biyu ake yin dambe, kamar yadda shari'ar Avery da kamfanin State Farm ta nuna.

An shigar da ƙarar a 1997 a gundumar Williamson ta jihar Ilinoi. Ƙorafin shi ne idan mota ta yi hatsari, State Farm kan lissafa kuɗin gyara da farashin kayan da ba kamfanin motar ne ya ƙera ba: bamba, bonet da sauran kayan jikin mota. Ba jabu ba ne, kwaikwayo ne mai araha da wasu masana'antu ke bugawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban fanel bita yana gwada bonet ɗin da ya ƙi zama daidai, gefe ɗaya ya manne ɗayan ya bar kafa, ya san abin da ake magana a kai. Masu ƙara suka ce takardar inshorarsu ta yi alkawarin kaya masu irin ingancin na asali, waɗannan kuwa ba su kai ba. Kamfanin ya ce kayan lafiyarsu ƙalau, kuma arahar su ce ke hana kuɗin inshora tashi.

A 1999 aka yanke wa State Farm biyan kusan dala biliyan 1.18 ga mutane wajen miliyan 4.7 a jihohi 48. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biliyan 1.05 a 2001. Sai a watan Agustan 2005 Kotun Ƙolin Ilinoi ta rushe hukuncin. Hujjarta ita ce takardun inshorar ba lafazi ɗaya suke ɗauke da shi ba daga jiha zuwa jiha, don haka ba alkawari ɗaya aka yi wa kowa ba. Ta kuma ce dokar kare masu saye ta Ilinoi ba ta shafi cinikin da aka ƙulla a wata jiha ba. Shi kansa Avery, jagoran masu ƙarar, mutumin jihar Luwiziyana ne. Wato yawan da ya ba ƙarar ƙarfi shi ne ya zame mata rauni, kuma a ganina, ta fuskar doka zalla, hujjar tana da nauyi.

Sai dai akwai rina a kaba. A Ilinoi zaɓen alƙalan Kotun Ƙoli ake yi. A 2004, ana tsaka da wannan shari'a, Lloyd Karmeier ya ci kujera a zaɓen da 'yan takara biyu suka tara sama da dala miliyan 9. An nemi ya janye daga shari'ar, ya ƙi, kuma yana cikin waɗanda suka rushe hukuncin. A 2012 masu motocin suka koma kotun tarayya da sabuwar ƙarar taron dangi, mai suna Hale, a ƙarƙashin dokar RICO da aka yi don yaƙi da gungun masu laifi. Zarginsu shi ne kamfanin ya zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓen ta hannun wasu ƙungiyoyi, ya kuma ɓoye. State Farm ya musanta. A Satumbar 2018, ana gab da fara sauraren shaidu, aka sasanta a kan dala miliyan 250 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

A shekarar 2005 ɗin ce kuma Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ba kamfanoni damar ɗauke irin wannan ƙara daga kotun jiha zuwa ta tarayya, matuƙar kuɗin da ake nema ya haura dala miliyan 5, mutanen sun kai 100, kuma akwai 'yan wata jiha a ciki. Kamfanoni sun daɗe suna kukan cewa lauyoyi na farautar ƙananan kotunan da suka san za su ji daɗinsu.

Ga mai mota, abin lura shi ne takardar sanarwa da ke zuwa ta gidan waya ko imel. A ƙarar neman diyya, kana ciki ko ba ka nema ba. In ka yi shiru, hukunci ko sulhun ya ɗaure ka, ba ka da damar sake kai ƙara a kan wannan magana. In kana ganin asararka ta fi ta saura, sai ka rubuta ka cire sunanka kafin wa'adi ya cika, ka nemi haƙƙinka da kanka. Alƙali ne ke duba sulhun da kuma ladan lauyoyi kafin a raba komai. A shari'ar Hale, in aka raba miliyan 250 ga mutum miliyan 4.7, kowa zai tashi da dala 53 ne, tun ma kafin a cire kason lauyoyi.