Iskar Ozon ta Ƙasa-ƙasa a Birnin Legas

Ozon iska ce mai ƙwayoyin oksijin uku, saɓanin wadda jiki ke rayuwa da ita mai ƙwaya biyu. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Christian Schönbein, shi ya raɗa mata suna wajajen 1840, daga kalmar Girkanci mai nufin sansana, saboda warin da take da shi. Can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, rahama ce, domin ita ke tare hasken rana mai ƙona fata. Idan kuwa ta taru ƙasa-ƙasa inda mutane ke numfashi, cuta ce.

Yadda take haɗuwa

Babu salansar da ke fitar da ozon kai tsaye. A cikin iska ake dafa ta, rana ce kuma murhun. Kayan haɗin iri biyu ne: naitirojin oksayid da ke fita daga injin mota da janareta, da tururin da ke tashi daga fetur, fenti da shara mai cin wuta. In rana ta buge su, sai ozon ta fito. Arie Haagen-Smit ne ya gano haka a farkon shekarun 1950, lokacin da yake binciken hazon da ya addabi Los Anjalis a Amurka.

Legas ba ta rasa ko ɗaya cikin kayan nan ba. Ga danfo da tireloli a gosulon Oshodi da hanyar Apapa, ga rumbunan mai a bakin tashar jiragen ruwa, ga janareta a kusan kowane shago, ga juji irin na Olusosun da ya kama da wuta a Maris 2018. Rana kuwa ba a magana. Ozon kan fara hawa da hantsi, ta kai ƙololuwa tsakanin azahar da la'asar, ta sauka bayan magariba. Ta fi yawa da rani, daga Nuwamba zuwa Maris, musamman idan iskar hunturu ta kwaso hayaƙin ƙunar daji daga arewa. Damina kan sassauta ta.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: a tsakiyar gosulo ozon kan ragu, saboda sabon hayaƙin mota yana cinye ta. Sai iska ta yi gaba da hayaƙin, ya dahu a hanya ya haifar da ozon. Tun da iskar teku daga kudu take kaɗawa da rana, unguwannin ciki irin su Ikeja da Agege, har iyakar jihar Ogun, suna iya shaƙar abin da aka dafa a wani wuri.

Illarta ga lafiya

Ozon ba ta narkewa sosai a danshin hanci, don haka takan wuce har can cikin huhu, ta ƙona fatar hanyoyin numfashi ta kumbura su. Alamun farko su ne busasshen tari, ƙaiƙayin maƙogwaro, ɗaurewar ƙirji da zafi idan an ja dogon numfashi. Mai asma takan tayar masa da ciwon, mai tsohon ciwon huhu kuma ta iya kai shi gadon asibiti. Yara sun fi shiga haɗari domin huhunsu bai gama ƙosawa ba.

Yawan abin da mutum ke shaƙa ya danganta da ƙarfin aikinsa. A nan ne lamarin ya shafi 'yan arewa mazauna Ikko ƙwarai. Ɗan dako da ke sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12, mai ruwa da ke tura kura, ɗan acaba, mai gyaran takalmi da ke zaga unguwa, duk da tsakar rana suke neman halaliyarsu, suna haki, a daidai lokacin da ozon ta fi kauri. Da yawa idan tari ya kama su sai su ɗora wa ƙura ko sanyi, su sayi maganin mura a kemis. Abin tausayi ne, domin takunkumin fuska na yadi ko na asibiti ƙura yake ragewa, ba ya tare ozon. Abin da ke taimakawa shi ne a yi aiki mai nauyi da sassafe, a shiga ɗaki da rana in da hali, mai asma kuma kada ya rabu da maganin shaƙarsa.

Ba mutane kaɗai take cuta ba. Tana ƙona ganyen shuka, ta rage yabanyar wake da alkama.

Ma'auni da hukumomi

A ƙa'idojinta na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ozon ta wuce maikirogiram 100 a kowace kubik mita ta iska a tsawon awa 8, ko 60 a matsakaicin watanni 6 da ta fi yawa. Rahoton Bankin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi ajalin mutum kusan 11,200 a Legas a 2018, amma lissafin ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ƙura ne, ozon ba ta ciki. Hukumar LASEPA ce ke kula da muhalli a jihar, NESREA kuma a matakin tarayya. Manyan motocin bas na BRT da suka fara aiki a 2008 da jirgin ƙasa mai lantarki na Blue Line da ya fara jigila a Satumba 2023 suna rage injinan da ke kan titi, amma janaretoci za su ci gaba da ruri muddin wutar lantarki ba ta tsaya ba.