Riƙe layi ko sakinsa: yadda manhaja ke karɓar amsa daga rumbun bayanai

Tun kafin SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ya samu ƙa'ida ta bai ɗaya a 1986, hanyar da masu rubuta manhaja suka saba da ita ita ce a buɗe layi, wato hanyar sadarwa, zuwa rumbun bayanai, a aika tambaya, sannan a riƙa jawo amsar sahu bayan sahu (sahu shi ne jeri ɗaya na teburin bayanai), layin na buɗe har sai an gama. ODBC na Microsoft a 1992 da JDBC na Sun a 1997, hanyoyin haɗa manhaja da rumbun bayanai, sun gaji wannan tsari. Har yau, da zarar ka rufe layin, ResultSet, abin da ke riƙe da amsar a harshen Java, ya tashi daga aiki.

A ofis mai ma'aikata kaɗan wannan bai dami kowa ba. Yanar gizo ce ta tona asirinsa. Layukan da uwar garke, wato kwamfutar da rumbun ke kanta, za ta iya riƙewa a lokaci guda suna da iyaka, ga kuma dubban masu ziyara, kowa na ɗaukar lokacinsa yana karanta shafi. Riƙe wa kowannensu layi ɓarna ce tsagwaronta.

Sai aka koma kwashe amsar gaba ɗaya zuwa ƙwaƙwalwar manhaja, a saki layin nan take. ADO, tsarin Microsoft na karɓar bayanai, ya ba da damar yanke Recordset, wato tarin sahun amsar, daga layinsa, amma a 2002 ne magajinsa ADO.NET ya raba hanyoyin biyu a sarari: DataReader mai sauri, wanda ke riƙe layin yana karatu gaba kawai ba ya gyara komai, da DataSet, kwafin da ke cikin ƙwaƙwalwa, wanda mai shiga tsakani DataAdapter ke cikawa, a yi masa gyara, daga baya a mayar da canje-canjen. Java ta shigar da nata irin wannan kwafin, CachedRowSet, cikin tsarinta na yau da kullum a 2004.

Abin da nake ganin ba a cika nanata wa ɗalibai ba shi ne, kwafin da ke hannunka yana fara tsufa tun daga lokacin da ka saki layin. Wani na iya canza sahun da kake gyarawa ba ka sani ba. Shi ya sa DataSet ke ajiye asalin kowane sahu tare da sabonsa; a lokacin mayarwa, idan umarnin sabuntawa bai taɓa sahu ko ɗaya ba saboda an riga ka, sai saƙon kuskure mai suna DBConcurrencyException ya fito. Kuma jawo sahu miliyan cikin ƙwaƙwalwa don haɗa rahoton da za a karanta sau ɗaya ganganci ne, wannan aikin DataReader ne.

Hibernate da Entity Framework, kayan aikin da ke yi wa mai rubuta manhaja hulɗa da rumbun bayanai, sun ɓoye yawancin wannan a bayan fage, amma idan mutum biyu suka gyara sahu ɗaya, mai rubuta manhaja ne zai yanke hukuncin gyaran wa za a bari.