Waiwaye: Yadda linzamin jarirai ya tashi daga abin da ido ke gani zuwa abin da yatsa ke laluba

Tun da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da rahotonta a watan Yulin 2024 tana cewa yankan linzamin jarirai ya yi yawa, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Iyaye mata da dama sun ce su kam sun ga amfani, ranar da aka yanke wa ɗansu ranar suka fara shayarwa ba hawaye. Wasu kuma kuka suke yi, an ji wa jaririnsu rauni a baki har ya ƙi kama nono. Mai jin zancen daga nesa sai ya ɗauka wata sabuwar larura ce ta ɓullo da rana tsaka. Ba haka ba ne, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Shi linzamin gaske ba a musu a kansa. Ɗan siririn naman da ke ƙarƙashin harshe ne yake yin gajarta, ya riƙe harshen tun daga bakinsa. In jaririn ya buɗe baki yana kuka, za ka ga harshen ya kasa ɗagawa, tsakiyarsa ta lotsa ciki, ba ya iya wuce dasashi. Irin wannan yaro ba ya tsotsa, dannewa yake yi, shi ya sa kan nonon uwa ke fitowa a matse, ya tsage, wani lokaci har da jini. Likitocin zamanin da sun san wannan. Selsus na Rum ya rubuta yadda ake yankan a ƙarni na 1, Az-Zahrawi na Andalus ya yi bayaninsa a ƙarni na 10, kuma Luwi na 13, Sarkin Faransa da aka haifa a 1601, an yanke masa yana jariri. Ungozomar Turai har farce ɗaya suke bari da tsini saboda aikin.

Sai madarar gwangwani ta zo. Yaron da ke sha da bulumboti ba ya buƙatar harshe ya yi wani aiki mai wuya, madarar ce ke zubo masa. A 1972 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na matan Amurka ba ne ke fara shayar da nono. Likitoci suka yi shekaru ba sa ko leƙa ƙarƙashin harshe. Da iska ta juya, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu goyon bayan shayarwa a 1991, a 2001 kuma aka ba da shawarar nono zalla har wata shida. Mata suka koma ga nono, amma sun tarar da ma'aikatan lafiya da yawa ba su taɓa koyon yadda ake gyara wa jariri kamu ba. Mace ta je da tsagaggen nono, a ce mata ta yi haƙuri, zai wuce.

A cikin wannan yanayi ne, a 2004, wata 'yar gajeriyar maƙala ta fito a wata takardar labarai ta likitocin yara a Amurka. Nan ne nake ganin akalar ta juya, ko da yake ba kasafai ake ambatonta ba. Ba sakamakon gwaji ba ce, bayanin abin da masu duba jarirai suka lura da shi ne, kuma da kyakkyawar niyya aka rubuta ta, don a daina sallamar matan da ke shan wahala. Ta kasa linzami gida huɗu. Biyun farko su ne na gaba, waɗanda kowa ke gani. Na uku da na huɗu suna can ciki, wajen gindin harshe, su ne aka riƙa kira linzamin baya. A shekarun da suka biyo, ma'anar ta ƙara faɗi har ta haɗa da wanda aka ce yana ɓoye ƙarƙashin fatar baki, ba ya ganuwa sam, sai an sa yatsa an laluba an ji tauri.

A duba abin da wannan ya canza. Da, in an ce yaro yana da linzami, uwa za ta iya leƙawa ta gani da idonta, wani likitan ma ya duba ya tabbatar ko ya musanta. Yanzu shaidar ta koma kan yatsan mai dubawa. Wane tauri ne ya yi yawa? Babu ma'aunin da kowa ya yarda da shi. Kuma duk jaririn da aka haifa yana da wani abu a wurin da yatsa zai taɓa. Da zarar an yarda ciwon yana iya kasancewa inda ba a gani, sai alamominsa suka yi ta ƙaruwa: yawan kuka, kumburin ciki, tumbuɗi, rashin barci. Wane jariri ne ba ya ɗaya daga ciki? Daga harshe aka haura leɓen sama, aka ce shi ma yana da linzami, daga nan aka shiga kumatu.

Aikin ma ya sake kama. Na gaba, a naɗe jariri, a ɗaga harshe, almakashi ya ɗan taɓa sau ɗaya, ɗigon jini, a miƙa wa uwa ta ba shi nono. Na baya kuwa sai an nutsa cikin nama, sau da yawa da na'urar leza mai yanka da haske, ya bar buɗaɗɗen rauni. Sannan a ce wa iyaye su riƙa sa yatsa suna buɗa raunin sau da yawa a yini har makonni don kada ya haɗe. Wannan ne ya fi taɓa ni. Yaron da duk abin da ya sani na daɗi ta baki yake zuwa, an mai da bakin wurin azaba, me zai hana ya kawar da kai in an kawo nono?

Alƙaluma sun bi sahu. A asibitocin Amurka, yankan linzami ya tashi daga 1,279 a 1997 zuwa 12,406 a 2012, ban da waɗanda aka yi a ɗakunan likitocin haƙori. A Ostareliya ya ninka fiye da sau biyar tsakanin 2006 da 2016. Hotunan bakin jarirai suka cika shafukan sada zumunta, uwar da ta kwana uku ba barci ta sami suna ga matsalarta da kuma alƙawarin magani cikin minti biyar. Ba na ganin laifinta ko kaɗan.

Bincike kuwa a baya ya biyo. Nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken likitanci, ta fitar a 2017 ya tattara gwaje-gwaje 5 kan jarirai 302, ya ce yankan yana rage wa uwa zafin kan nono na ɗan lokaci, amma bai nuna tabbataccen gyara a shan jaririn ba. A 2019 masu binciken ƙirar jiki a Okland ta New Zealand suka nuna abin da ake kira linzami ba wata igiya ba ce mai zaman kanta. Shimfiɗar naman ƙasan baki ce ke tattarewa in harshe ya ɗaga, kuma rassan jijiyar da ke ba harshe ji suna kwance dab da wurin. Rahoton likitocin yaran Amurka na 2024 ya ƙara da cewa naman leɓe da na kumatu halitta ce ta kowa, ba a ga hujjar yanka su don shayarwa ba, leza ba ta fi almakashi ba, kuma buɗa rauni da yatsa ba abin yi ba ne.

Inda aka mai da hankali ga shayarwar kanta, lissafin ya canza. A wani asibiti a Boston, cikin jarirai 115 da aka turo don a yi musu aiki, kusan kashi 63 cikin ɗari ba a yanka su ba bayan ƙwararru sun zauna sun kalli yadda suke sha, sun gyara riƙo da kamu. A yankin Kantabari na New Zealand, jariran da ake yankawa sun kai kashi 11.3 cikin ɗari a 2015. Aka kafa ƙa'ida cewa sai an fara taimaka wa uwa da shayarwa, an kuma auna aikin harshen da ma'auni ɗaya. Zuwa 2017 adadin ya sauko kashi 3.5, yawan masu shan nono bai ragu ba, kuma yaran da linzaminsu ke hana su sha an ci gaba da yanke musu.