Bas ɗin gwamnati: me ke kashe su, kuma ina ake samun kuɗin riƙe su?

Wai me ya sa in gwamna ya sayo bas-bas, bayan shekara biyu uku sai ka neme su ka rasa?

Saboda sayen motar ne mai sauƙi. Ranar ƙaddamarwa an sha fenti, an ɗauki hoto, amma ba wanda ya zauna ya lissafa dizal na kullum, albashin direba, taya, batir, da kayan gyara waɗanda yawanci da dala ake shigo da su. Sai ka leƙa gareji ka ga bas a kan duwatsu, an cire mata taya an sa wa wata, an kwance injin waccan an tada wannan, ciyawa ta fito ƙarƙashinta har awaki na shan inuwa.

To Legas fa, ya aka yi nata ya daɗe?

Hukuma suka fara kafawa kafin mota. LAMATA, wato hukumar sufurin birnin Legas, dokarta ta 2002 ce, kuma Bankin Duniya ya tallafa. Sai a Maris 2008 BRT, wato tsarin manyan bas-bas masu saurin zirga-zirga, ta fara aiki daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, da layinta daban wanda danfo, ƙananan bas ɗin haya na Legas, ba ya shiga. Hukuma ke tsara hanya da farashi, wasu ke tuƙa motocin. Abin da ya fi burge ni, ba su tsaya faɗa da 'yan yuniyon ɗin direbobin haya na NURTW ba, jawo su aka yi suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa suka riƙe motocin farko, don in ka ture mutum daga abincinsa wallahi shi zai fara tare maka hanya. Jirgin ƙasa na Blue Line kuwa, Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, sai Satumba 2023 ya fara ɗaukar fasinja bayan fiye da shekara goma ana gini.

Katin Cowry da ake biyan kuɗin mota da shi a Legas, meye amfaninsa, ba gayu ba ne kawai?

Ba gayu ba ne. Ka sa kuɗi a kati, ka ɗora a na'ura ta yi ƙara ka wuce, ba rigimar "ba canji" da kwandasta, kuma kati ɗaya ke yi maka bas da jirgin ƙasa da na ruwa. Amma babbar ribar ta hukuma ce: kuɗi ba ya bi ta aljihun kowa, sannan suna ganin tashar da ke cika da sassafe da wadda mota ke tashi ba kowa, su san inda za su ƙara mota.

Kuɗin da fasinja ke biya ba zai riƙe harkar ba?

Da wuya. In ka sa farashin da zai biya komai talaka ya koma kan acaɓa ko ƙafa, in ka sauke kuma akwai giɓi. Bayan cire tallafin mai a Mayu 2023 Legas ta rage kuɗin mota da rabi, to wannan rabin ai baitulmali ne ya ɗauka. Landan ma da ta dogara sosai da kuɗin tikiti, da korona ta zo a 2020 mutane suka zauna gida sai da gwamnatin Ingila ta kai ɗauki. Jirgin ƙasa na cikin Abuja an buɗe shi 2018, ya tsaya 2020, bai dawo ba sai Mayu 2024, kuma kyauta aka fara ɗaukar mutane. Kyauta da daɗi, amma albashi da gyara ba sa jira.

To kuɗin da ba ya yankewa daga ina yake fitowa?

Daga hanyar da doka ta keɓe wa sufuri kaɗai, ba sai an jira kasafin kuɗi ko ra'ayin sabon gwamna ba. A Faransa tun 1971 aka fara a Paris, kamfanoni na biyan wani kaso bisa albashin ma'aikatansu, yanzu mai ma'aikata 11 zuwa sama, tunda bas da jirgi ne ke kawo musu ma'aikatan. Landan tun 2003 tana cajin motar da ta shiga tsakiyar gari, kuɗin ya koma sufuri. A Hong Kong kamfanin jirgin ƙasa na MTR gidaje da shaguna yake ginawa a saman tashoshinsa yana cin haya. Ni a ganina wannan na ƙarshen ya fi kusa da mu, duba dai yadda mai shayi, mai tsire da mai cajin waya ke cika bakin kowace tasha, hayar shagunan nan kaɗai in ta shiga asusun da aka sani za ta sayi taya da yawa.