Matsalolin Homebrew Bayan Girka Shi

Homebrew manhaja ce da ke saukar da wasu manhajoji ta girka su a kwamfuta, ta hanyar rubuta umarni a Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, maimakon danna maɓallai. Max Howell ne ya ƙirƙiro ta a 2009 domin kwamfutocin Mac, da harshen Ruby, kuma daga fitowa ta 2.0 a 2019 ta soma aiki a Linux a hukumance. Umarninta shi ne `brew`. Yawancin matsalolin da sabon mai amfani ke cin karo da su a ranar farko ba lalacewa ba ce, sai dai saiti da ba a kammala ba.

Kwamfuta ba ta san brew ba

Matsalar da ta fi yawa ita ce mutum ya gama girkawa, ya rubuta `brew`, sai a amsa masa da `zsh: command not found: brew`. Manhajar tana nan daram a cikin kwamfutar. Abin da ya faru shi ne zsh, wato manhajar da ke karɓar umarni a Mac tun macOS Catalina ta 2019, ba ta duba ko'ina sai jerin foldojin da aka rubuta mata a PATH. Duk abin da ba ya cikin wannan jeri, a wurinta babu shi.

A Mac masu injin Intel, Homebrew na zama a `/usr/local`, kuma `/usr/local/bin` na cikin PATH tun daga masana'anta, don haka mutane sun yi shekara da shekaru ba su san da wannan matsala ba. Da Apple ya fito da nasa injin mai suna M1 a Nuwamba 2020, sai aka ba Homebrew sabon masauki, `/opt/homebrew`, wanda fitowa ta 3.0 ta Fabrairu 2021 ta tabbatar. Wannan folda ba ta cikin PATH. A Linux ma haka ne, inda masaukin yake `/home/linuxbrew/.linuxbrew`.

Maganin yana rubuce a ƙarshen bayanan girkawa, wurin da mutane da dama ke rufewa ba su karanta ba. A Mac mai injin Apple, ana saka layin `eval "$(/opt/homebrew/bin/brew shellenv)"` a cikin fayil ɗin `~/.zprofile`, sannan a rufe Terminal a sake buɗewa. Wanda ya rubuta layin a Terminal kawai bai adana shi a fayil ba, zai ga komai ya daidaita yau, gobe matsalar ta dawo. Umarnin `echo $PATH` yana nuna ko gyaran ya zauna. Sake girka Homebrew daga farko, wanda shi ne abin da ke fara faɗo wa mutum a rai, ɓata lokaci ne da data.

Sauran matsaloli

Homebrew na dogara da kayan aikin Xcode na Apple, irin su git, mai adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, da manhajar haɗa lamba, wato mai mayar da rubutun umarni zuwa manhaja mai aiki. In babu su, ko sun samu tangarɗa bayan sabunta macOS, `xcode-select --install` yana dawo da su.

Akwai kuma rikicin Rosetta 2, manhajar da ke sa manhajojin Intel su yi aiki a Mac mai injin Apple. Idan Terminal na gudana a matsayin na Intel a kan Mac mai injin Apple, Homebrew za ta ƙi girka komai a `/opt/homebrew`. Umarnin `uname -m` ke tona asiri: ya kamata ya nuna `arm64`, ba `x86_64` ba.

Batun izini shi ne inda aka fi yin ɓarna. Wanda ya saba da apt, manhajar girkawa ta Ubuntu Linux, yakan sa `sudo` a gaban umarni don samun ikon babban mai kula da kwamfutar, amma Homebrew da gangan take ƙin aiki da ikon babban mai kula, domin tana gudanar da lambar da ta sauko daga intanet. Idan ta ce ba ta da izinin rubutu a wata folda, ana mayar wa mai kwamfutar mallakar wannan foldar kaɗai da umarnin `chown`, kuma saƙon kuskuren kan kawo cikakken umarnin.

Bincike

`brew doctor` yana duba saitin gaba ɗaya ya lissafo abin da ya gani, `brew config` kuma yana nuna fitowar da ke kwamfutar da irin injin. Ba kowane gargaɗi ne ke bukatar gyara ba. Homebrew da kanta tana faɗin cewa in komai na aiki, a bar shi. Kafin a kai rahoto ga masu kula da ita a shafin GitHub, ana so a fara gudanar da `brew update`, a sake gwada umarnin da ya ƙi, sannan a haɗa sakamakon `brew doctor` da `brew config` a cikin rahoton.